Yadda abin manna sensar suga yake aiki, da abin da ke sa sensa faɗuwa da wuri a zafin Sakkwato

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana fama da ciwon suga, kuma tana yin allurar insulin. Ƙanena ya aiko mata daga ƙasar waje da irin sensar nan ta auna suga da ake mannawa a damtse ta yi mako biyu. Ta farko ba ta cika mako ba ta ɓalle, ta biyu kuma abin mannawar ya tashi a hannuna kafin in daidaita shi a jikinta. Yanzu ta tsorata, tana cewa allura ake bar mata a cikin nama. Shin allurar tana zama a jiki? Ana iya mayar da wadda ta faɗi, ko a sake amfani da abin mannawar? Me za mu yi kada sauran su lalace? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya kuma saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Ka fara kwantar mata da hankali da cewa allura ba ta zama a jiki. Tana shiga ne ta fito cikin ƙiftawar ido, ta koma cikin kwanson robar da ka danna, ta kulle a can. Sensar da ta ɓalle ba ta komawa, abin mannawar da ya riga ya tashi kuma ya gama aikinsa. Game da faɗuwa da wuri kuwa, abin da muke gani a asibiti shi ne yawancin sensar da ke ɓallewa a garin nan tun kafin a danna ta aka yi asararta, ko dai wajen shirya fata ko wajen ajiya. A kan waɗannan biyun zan fi tsayawa, amma sai na fara bayyana abin da ke cikin kwanson, domin wanda ya san abin da ke faruwa a ciki ba ya danna shi da fargaba.

Abin da ake gani manne a damtse ɗan faifai ne na roba mai ɗauke da batir da kayan lantarki, ƙasansa kuma shafe da gam. A FreeStyle Libre na kamfanin Abbott, wanda shi ne aka fi cin karo da shi a nan, faɗin faifan milimita 35 ne, kaurinsa milimita 5, sabon samfurin Libre 3 kuwa an rage shi zuwa milimita 21. Daga tsakiyar faifan wani ɗan siririn zare mai laushi ya fito, tsawonsa kimanin milimita 5, faɗinsa bai kai rabin milimita ba, kuma shi kaɗai ne ke zama a ƙarƙashin fata. Zaren ba ya shiga jijiyar jini. Yana kwance ne a cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama, an kuma shafe bakinsa da wani sinadari mai suna gulukos oksides, wanda idan ya haɗu da suga yakan haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki, na'urar ta auna ƙarfin wutar ta mayar da shi lamba. Saboda suga sai ya fito daga jini kafin ya isa wannan ruwan, lambar sensa takan makara da kimanin minti 5 zuwa 15 bayan ta jinin yatsa, musamman jim kaɗan bayan cin abinci ko lokacin da suga ke saurin sauka.

To, wannan laushin na zaren shi ne dalilin da ya sa aka ƙera abin mannawar. Laushin ne ke sa mutum ya yi mako biyu yana ɗaga hannu yana saukewa ba ya jin komai, amma kuma abu mai laushi haka ba zai iya huda fata da kansa ba, zai lanƙwashe ne kawai. Sai aka yi masa allurar ƙarfe mai kwari a jikinta, zaren yana kwance a cikin kwarin. Idan aka danna, abubuwa uku ne ke faruwa a jere: allura ta huda fata ɗauke da zaren, faifan ya sauka gam ɗinsa ya kama fata, sannan wani sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, da aka matse tun daga masana'anta ya saki ya fizge allurar sama, ya bar zaren a inda ta kai shi. Ƙarar da ake ji, wadda takan firgita tsofaffi da yara fiye da zafin hudar, ƙarar wannan sifirin ce. Yana da kyau ka gaya wa Hajiya tun kafin ka danna cewa za ta ji ƙara, domin zaburar da mutum ke yi a daidai wannan lokacin tana iya karkatar da kwanson.

Ba haka abin ya fara ba. Na'urar farko ta irin wannan awo da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita, ta kamfanin MiniMed a shekarar 1999, a asibiti ake sanya ta, mutum ya yi kwana uku da ita, likita ne kuma yake karanta sakamakon daga baya. Tsofaffin samfuran kamfanin Dexcom irin su G4 da G5 suna da abin mannawa mai siffar babban sirinji da aka karkata, mutum yana ganin komai, shi zai tura allurar da babban yatsansa, shi kuma zai janye ta. Matsalar ita ce hannun ɗan Adam yana jinkiri idan zai soki kansa ko ɗansa, jinkirin kuma shi ke kawo zafi da lanƙwashewar zare. Daga fitowar Libre a Turai a 2014 da Dexcom G6 a 2018, masu ƙira suka ɓoye allurar gaba ɗaya, suka ɗauke wa hannu hukuncin zurfi da kusurwa da sauri, suka bar masa aiki ɗaya tak, wato ya ajiye kwanson daidai ya danna. A ganina wannan canjin ya taimaka wa yaɗuwar na'urorin kamar yadda ingancin awon kansa ya taimaka, don kuwa shi ya mayar da aikin ma'aikacin jinya abin da ɗa zai yi wa mahaifiyarsa a tsakar gida.

Daga bayaninka, naku irin mai gida biyu ne. A Libre na farko da Libre 2, sensa tana cikin wani ƙoƙo rufe da takarda, abin mannawa kuma daban da murfinsa. Ana ɓare takardar, a kwance murfin, a daidaita baƙin layin da ke jikin kwanson da na jikin ƙoƙon, a ɗora a kan tebur ko daɓe mai tauri, a danna har ya tsaya, sannan a ɗaga. Daga wannan lokacin kwanson ya zama ɗanannen tarko, duk abin da ya tura bakinsa ciki zai sa ya tashi, ko damtse ne, ko tafin hannu, ko katifar da aka kife shi a kai don a je a ɗauko auduga. Mai yiwuwa abin da ya same ka ke nan. Maganinsa shi ne kada a ɗana shi sai an gama shirya fata ta bushe, mai lalurar ta zauna ta daidaita, ta yadda daga ƙoƙo sai damtse, babu zango a tsakani. A Libre 3 da Dexcom G7 sensa tana cikin kwanson tun daga masana'anta, murfi kawai ake kwancewa. G7 ya ƙara da maɓalli a gefe, wanda ba ya aiki sai an matsa kwanson a jikin fata har zoben kariyar da ke bakinsa ya shige ciki. Kafin a haɗa mai gida biyu, a duba cewa lambar da ke jikin ƙoƙon ta yi daidai da ta jikin kwanson, kada a haɗa na wannan kwali da na wancan.

Dalilin da ya sa ba a maimaita amfani da shi ba son kuɗin kamfani kaɗai ba ne, ko da yake na san tsadar abin tana sa mutum ya yi wannan zargin. Sifirin ɗin an tsara shi ya saki sau ɗaya ya kulle allurar don kada ta soki wani. Allurar da zaren an kashe musu ƙwayoyin cuta a masana'anta, tsarkin kuma yana ƙarewa da zarar sun fito fili. Sannan zaren da ya fita daga jiki ya riga ya bushe ko ya lanƙwashe, kuma babu allurar da za ta sake ɗaukarsa. Akwai hotunan bidiyo a intanet na masu fasa kwanson su sake ɗana shi da tsinke, kada ka bi su, domin mai ciwon suga ƙurji ba ya yi masa da sauƙi, kuma lambar ƙarya da lalataccen zare zai bayar ta fi rashin lamba haɗari ga mai yin insulin. Togaciya ɗaya ita ce wasu samfuran kamfanin Medtronic da ke da abin dannawa na dindindin, amma ko a can kowace sensa da sabuwar allurarta take zuwa.

Yanzu ga fata, inda mafi yawan asarar take. Gam ɗin da ke ƙasan faifan yana kama busasshiyar fata ce marar maiƙo, mu kuwa mutanen wannan yanki ba mu saba barin fata haka ba. Da hunturu iska tana busar da jiki har ya yi fari ya tsattsage, don haka kowa yana fitowa daga wanka sai basilin ko man kaɗanya, mata kuma su ƙara da humra da turare mai maiƙo. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zufa ce ba ta yankewa, wasu kuma su barbaɗa hoda saboda ƙurajen zafi. Kowanne daga cikin waɗannan yana shimfiɗa wani siririn shamaki tsakanin gam da fata, sensa ta yi kamar ta kama a ranar farko, bayan 'yan kwanaki gefenta ya fara ɗagawa, hannun riga ya ƙarasa ta. Maiƙon kaɗanya musamman ba ya fita da goge ɗaya na sifirit. Shawarata ita ce Hajiya ta daina shafa mai a wannan damtsen tun daren jajiberin ranar da za a manna, a wanke wurin da sabulu marar mai marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a tsane da tsaftataccen tawul. Sabulan wanka masu tallar laushin fata su ne ba a so a nan, domin laushin da suke bari maiƙo ne.

Bayan wankin sai a goge da ɗan ƙyallen sifirit na cikin takarda, wanda ake samu a kemis, a bar shi ya bushe da kansa na minti ɗaya ko biyu, ba a hura da baki, ba a goge da gefen zane. Mutane da yawa suna danna sensa a kan jiƙaƙƙen sifirit saboda gaggawa, abin da ke kawo raɗaɗi a wurin huda ya kuma raunana gam. Kada a maye gurbinsa da ruwan tsaftace hannu irin wanda ya yaɗu lokacin korona, domin yawancinsa an zuba masa gilisarin, kada kuma a yi amfani da turare da sunan ai shi ma akwai sifirit a ciki. Idan wurin yana da gashi a aske shi tun kwana guda kafin nan, don fatar ta huce daga kaifin reza.

Lokacin mannawa ma yana da tasiri, kuma wannan ba za ka same shi a takardar cikin kwali ba, don ba da yanayinmu aka rubuta ta ba. Gam irin wannan ba ya gama kamawa nan take, yana ƙara ƙarfi ne a sa'o'in farko, zufa a wannan tsakanin kuwa ita ce babbar abokiyar gabarsa. Na fi son a manna bayan sallar Asuba, lokacin da gari ya fi sanyi jiki kuma bai fara zufa ba, Hajiya ta zauna a inuwa ko gaban fanka, ta jinkirta wanka da shiga madafa zuwa hantsi. Akwai ƙarin fa'ida: sensa tana ƙarewa ne a daidai sa'ar da aka kunna ta, don haka canji na gaba ma zai faɗo da sanyin safiya, kowa yana farke, ba da tsakar dare ko da tsakar rana ba.

Wurin da Abbott ya amince da shi ga Libre shi ne bayan damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, inda nama ke da laushi idan an saki hannu. Ba a gefen waje ba, inda tsoka take kuma inda ƙyauren ɗaki ke gogar mutum, kuskuren da kusan kowa ke yi idan shi yake manna wa kansa ba tare da madubi ba. A kauce wa tabo kowane iri: shaidar rigakafi, tsaga, wurin da aka taɓa yin ƙaho, tawadar Allah, da duk inda nama ya yi ƙullutu. A bar aƙalla santimita 2.5 daga inda ake yin insulin. Idan Hajiya ta rame, kamar yadda tsofaffi da yawa masu wannan ciwo suke, ka lalubo da yatsunka inda ya fi kitse, domin zaren da ya taɓa tsoka yana zafi kuma lambarsa ba ta zama daidai. Ka kuma lura da rayuwarta ta yau da kullum: wane gefe take kwanciya, ko tana goya jika, ko rigunanta masu matsattsen hannu ne, ko tana ɗaura wani abu a damtsen. Mai hawa kabu-kabu ko shiga cunkoson kasuwa ya fi dacewa ya tura sensar can baya sosai. Kowane canji a koma ɗaya hannun, fatar farko ta huta.

Wajen dannawa, ta saki hannun ya yi laushi, kai kuma ka ɗan miƙar da fatar da ɗaya hannunka, ka ɗora bakin kwanson ya zauna daidai ta kowane gefe, sannan ka danna da ƙarfi sau ɗaya har ƙarshe. Dannawa a hankali don tausayi ita ke jawo zafi. Ka riƙe shi a wurin na 'yan daƙiƙoƙi, ka janye shi a miƙe ba tare da murɗawa ba, sannan ka bi gefen gam ɗin da yatsa kana matsawa zagaye biyu ko uku. Ɗigon jini daga ramin tsakiyar faifan ba abin tsoro ba ne, an taɓa ƙaramar jijiya ce, a danna da auduga ya tsaya. Idan ya ƙi tsayawa, a cire sensar a nemi likita, kuma mai shan maganin tsinka jini ya sanar da likitansa tun kafin ya fara amfani da na'urar.

A bazara ina ba da shawarar a ƙara filasta a kai tun ranar farko, ba sai gefe ya fara ɗagawa ba. Akwai waɗanda aka yanka musamman don wannan, Dexcom G7 ma da tasa take zuwa a kwali. Ga Libre, kada a toshe ɗan ramin tsakiya, domin ta nan danshi ke fita. Filastar asibiti mai kauri tana riƙewa, amma a zafinmu takan dafa fata, don haka idan ita kaɗai ake da ita a bi gefe da ita kawai. Ruwa ba ya lalata na'urar: Libre tana jure nutso har zurfin mita ɗaya na minti 30, saboda haka wanka da bokiti ba komai ba ne, sai dai kada a cuɗa wurin da soso, a kuma tsane shi da tawul a hankali. Alwala ba ta kai wurin ba tunda yana sama da gwiwar hannu. Hukuncin fatar da ke ƙarƙashin faifan a wankan wajibi kuwa na malamai ne, a yi musu bayanin cewa abu ne na magani da ba a iya cirewa a mayar. Ranar cirewa, man da muka hana ɗazu shi ne mai taimako, a shafa man zaitun a gefen gam, a jira kaɗan, a ɓare a hankali.

Abu na biyu shi ne ajiya. Takardar Libre da aka fi gani a nan tana cewa a ajiye tsakanin digiri 4 da 25, ta Dexcom tsakanin 2 da 30, ka duba kwalinku don ana samun ɗan bambanci daga ƙasa zuwa ƙasa. Ɗakin kwano a Sakkwato a watan Afrilu ya wuce wannan nesa ba kusa ba, balle cikin motar da aka ajiye a rana. Zafi yana raunana sinadarin bakin zaren, yana kuma taɓa gam, kuma ba za ka ga alamar komai a jikin kwalin ba. Wannan ya sa nake tambayar duk wanda ya kawo ƙorafi yadda kayan suka iso hannunsa, domin kwalin da ya kwana biyu a but ɗin motar haya daga Legas ko Kano ya riga ya sha wuya. Firiji ya dace, a ƙofarsa ko a ƙasa wajen kayan miya, nesa da gidan ƙanƙara, domin daskarewa ma lalatawa take. Inda wuta ba ta tsayawa, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990, tana rage zafi sosai a busasshen yanayi irin namu, sai dai a ƙulle kwalin a leda biyu don kada danshi ya shiga. Idan an fito da shi daga sanyi a bar shi ya ɗan sha iska kafin a buɗe, saboda raɓar da ke taruwa a jikin abu mai sanyi. Ita sensar Libre da ke jiki an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 10 da 45, kuma idan mutum ya daɗe a rana tana iya ƙin ba da lamba ta ce ta yi zafi, a koma inuwa kawai, za ta dawo.

Tunda kayanku daga waje suka zo, akwai abin da za ka tabbatar kafin ka ɓare takarda, domin bayan dannawa babu gyara. Sensar Libre takan yi aiki ne da na'urar karantawa ko manhajar waya ta ƙasar ko yankin da aka sayar da ita, don haka ka tabbata abin da ke hannunka zai karɓe ta, wayar kuma tana da NFC, wato fasahar da ke sa waya ta karanta sensa idan an kusanto da ita. Ka duba ranar ƙarewar wa'adi, ka ƙi duk wadda hatiminta ya ɓalle. Masu Dexcom G7 kada su yar da kwanson kafin su haɗa da waya, lambar haɗawar mai alƙaluma huɗu a jikinsa take. Bayan kunnawa Libre tana ɗaukar minti 60 kafin ta fara ba da lamba, G7 minti 30, G6 sa'a biyu, kuma lambobin ranar farko sukan ɗan yi tangal-tangal kafin nama ya saba da zaren. Ka lura kuma da ma'aunin: wasu na'urorin suna nuna mg/dL, wasu mmol/L, kuma ana raba na farko da 18 a sami na biyu, wato 180 daidai yake da 10.

Ƙaiƙayi kaɗan da ɗan canjin launi bayan cirewa abu ne da aka saba gani, zufa da gam ne. Wanda ya kamata a kula da shi shi ne ƙaiƙayi mai tsanani da ƙananan ƙuraje masu ruwa da suka bi siffar faifan, suna kuma ƙaruwa da kowace sabuwar sensa. Wannan ƙin jinin sinadari ne, kuma a 2017 likitocin fata a Turai suka gano cewa wani sinadari mai suna aisobonil akirilet da ke jikin wasu na'urorin yana haddasa shi, abin da ya sa aka sauya kayan haɗin wasu sababbin samfura. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka a lura da kumburi da duhu da ɗumin wurin. Idan akwai mugunya ko zazzaɓi, a cire a tafi asibiti a ranar.

Ko da an manna daidai, kada a yar da na'urar jinin yatsa. Kwanciya a kan sensa tana matse ruwan wurin, ta nuna suga ya faɗi alhali bai faɗi ba, kuma wannan ya fi yawa ga masu kwana a tabarma ko daɓe lokacin zafi. Bitamin C da ya wuce miligiram 500 a rana yana iya ɗaga lambar Libre 2. Haidiroksiyuriya, maganin da masu sikila da yawa ke sha, yana ɗaga lambar Dexcom da ta Medtronic ta ƙarya, farasitamol ma yana yin haka ga wasu sensar Medtronic. Duk lokacin da lamba ta saɓa da yadda Hajiya ke ji a jikinta, a soki yatsa kafin a ƙara insulin ko a ba ta abin zaƙi. Idan za a yi mata hoton MRI ko CT, a sanar da ma'aikatan cewa tana ɗauke da sensa.

Ba duk abin da ake mannawa ne yake da allura ba. Facin auna bugun zuciya irin Zio, wanda ake liƙawa a saman ƙirji ta hagu har kwana 14, hannu kawai yake buƙata, amma shi ma dokar fatar ɗaya ce, har da ƙarin goge matacciyar fata don wutar zuciya ta ratsa. A ɗaya gefen kuma akwai sensar suga mai suna Eversense, wadda likita ke dasawa a ƙarƙashin fatar damtse ta ƙaramar tsaga, sabon samfurinta na 2024 yana shekara guda.

Ga sauran da suka rage muku, ka ɗauki ɗaya ku je da Hajiya asibitin da take ganin likitan suga, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ko Asibitin Ƙwararru ko wani, ka danna da hannunka ma'aikaciyar jinya tana kallo tana gyara maka. Ka tafi da kwanson da ya tashi a hannunka, ka nuna wa Hajiya allurar a kulle a cikinsa, sannan ka bar shi a can a jefa a akwatin allurai. Haka za ka riƙa yi da duk wanda aka yi amfani da shi: a mayar masa da murfinsa, a tara a galan mai kauri mai murfi, a kai asibiti. Kada ya shiga shara, domin yara suna ɗaukarsa abin wasa, masu tsintar roba a juji kuma suna fasa shi da dutse, alhali a cikinsa akwai allurar da ta taɓa jini, kuma ciwon hanta nau'in B yana iya yaɗuwa ta irin wannan sukar.